Kwanan dajinmu a gabas da Mirya da maganar tujen da aka harbe

Sakatare: Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan ƙungiyar mahaya dawaki. Alhamdu lillahi mun dawo daren jiya Lahadi, mahaya 14 da dawakinsu, sai amalanke guda da ya ɗauko mana harawa, ruwa da tabarmi. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: mun tashi daga bayan Birnin Damagaram ranar Juma'a bayan la'asar. Ba mu bi kwalta ba, ta cikin gonakin da aka girbe muka ratsa, muka shiga Mirya da isha'i. Kilomita 18 ce, ba mu yi sukuwa ko sau ɗaya ba. Ranar Asabar muka ƙara gaba gabas har bakin wani tafki, can muka yi kwana na biyu. Magana biyu gare ni. Ta farko, kuɗin wata jika biyu ne har yanzu, mutum 6 ba su kawo na watan jiya ba. Ta biyu ita ce abin da ya faru da asubar Lahadi. Na so a bar ta sai ranar taro, amma na ji har ta fara yawo a gari, gara mu yi ta a nan tsakaninmu.

Mai Goɗiya: Wa alaikumus salam. Ni zan fara, tunda ni abin ya fi shafa. Mun idar da sallar asuba, ana hura gawayin shayi, gari bai gama wayewa ba, sai ƙarar bindiga daga bayan tudu. Goɗiyata ba ta taɓa jin harbi kusa haka ba. Ta tumɓuke turke, ta ja shi a guje, ta afka garkar wani bawan Allah ta cikin shingen ƙaya, ta tattake masa fangalin albasa, wayar da ke cikin shingen ta yanke ta a ƙafar baya. Jika goma muka haɗa muka ba mai garka, shi ma da kunya ya karɓa. Janye da ita na dawo, a ƙasa, har Mirya. Shekara 7 ina tare da dabbar nan. Ban ce a kori kowa ba, amma ina so a gaya mini wa ya ce a zo kilisa da bindiga.

Hajiya Uwar Mahaya: Subhanallahi. Yarana biyu suna cikin tafiyar nan, ƙaramin shekararsa 13. Sun ba ni labarin diloli da taurari, ba wanda ya ce mini an yi harbi. Da yana kan doki lokacin fa?

Sakatare: Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne da ban kira ki ba. Ba kowa a kan doki lokacin, duk suna turke.

Jikan Maharba: Yaya Mai Goɗiya, Allah ya ba ta lafiya, kuma na yarda harbi kusa da dawaki kuskure ne babba. Amma kada a haɗa magana biyu. Harbi kusa da turke daban, farauta daban. Tujen nan da aka harbe an yanka shi da bismillah, an gasa, kuma da yawa cikin masu yin shiru yanzu sun ci. Halal ne. Kakana maharbi ne, da baka da kwari ya ciyar da gida, kuma mahayan Damagaram na da can da doki suke fita farauta. In muka ce mai doki kada ya taɓa naman daji, al'adar wa muke rayawa? Ni dai ban shiga ƙungiyar nan don in zama ɗan yawon buɗe ido mai ɗaukar hoto ba.

Baba Mai Akawal: Yarona, na san gidanku, na san irin maharbin da kakanka yake. Bari in gaya maka abin da idona ya gani, ba wanda aka ba ni labari ba. Ina saurayi, in ka fita da doki ta hanyar Tanut ko ta hanyar Gure da sassafe, sai barewa ta tsallaka gabanka. Zabin daji kuwa garke-garke. Tuje ba abin labari ba ne, yana kiwo cikin ciyawa kamar tunkiya. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ci nasu, gonaki suka cinye saura, sannan mota da bindiga suka ƙarasa. Har baƙi daga ƙasashen Larabawa an yi ta kawowa da shaho da motoci kat-kat suna bin tuje can arewa. Ranar Asabar da yamma, da muka hango tujen nan biyu suna takawa a gindin tudu, na tsayar da akawalina na kira yaran Hajiya na ce su duba da kyau, don ni kaina na fi shekara 10 ban sa shi a ido ba. Ƙaramin ya tambaye ni ko jimina ce. Ka ji fa, ɗan Damagaram bai san tuje ba. Da safe sai ga ɗaya an riƙo shi ta ƙafa, kai yana jan ƙasa. Ban ci ba. Ban yi magana a wurin ba don kada in kunyata yaro gaban baƙonsa, amma tun daga can har gida raina a ɓace yake. Kakanka yana da doka. Damina ba ya harbi, mai ciki ba ya harbi, mai kwanci ba ya ɗaga ta. Kuma a zamaninsa dajin cike yake. Wanda ya ɗebi ruwa a kogi da wanda ya ɗeba a ƙasan randa ba ɗaya ba ne.

Jikan Maharba: Baba, ranka ya daɗe, ban musa maka ba. Amma yanzu ba damina ba ce, Disamba muke. Ba ƙwai, ba ƴaƴa. Tsuntsu ɗaya ne.

Malamin Lakwal: Ɗaya ne cikin biyun da muka gani a tafiyar kwana biyu, ɗan uwa. Tuje ba zabuwa ba ce da za ta zuba ƙwai cike da gurbi. Ɗaya ko biyu take yi, a ƙasa tsirara, inda dila da kare da ƙafar shanu duk suna iya kaiwa. Kuma akwai dokar farauta ta 1998, ba a fita da bindiga daji sai da takardar izini. Da jami'an gandun daji sun ci karo da mu ranar, ba mai harbin kaɗai za su tsare ba, dukanmu ne, har da sunan ƙungiya.

Ɗan Mirya: Ku bar ni in sa baki, don ni na je na roƙi mai gari ya bar mu mu sauka a wurin, ni kuma zan ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a kasuwa. Da na je na ce masa mahaya ne daga Damagaram, masu son doki, ba ruwansu da komai sai kilisa. Ya sa aka kawo mana fura da daddare, kun sha. Jiya da yamma ya aiko a tambaye ni ko maharba na kawo masa. Me zan ce? Mutanen ƙauyen sun san tujen nan, yaransu masu kiwo suna ganin su tun kaka, kuma ba wanda ya taɓa su. Ba don ba su son nama ba. Sai mu da muka zo daga birni da ƙoshinmu.

Sannan wata maganar, tunda an buɗe faifai. Ranar Asabar na ga wasu sun saki dawaki cikin gona suna cewa ai an girbe. An girbe gero, amma harawar wake tana kan itace, wata tana ƙasa ba a ɗaure ba. Harawar nan kuɗi ce, da ita mutum ke fitar da tumakinsa rani. A riƙa tambaya.

Sakatare: Wannan gaskiya ne, na rubuta.

Na Yamai: Ina biye da ku daga nan. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne ban samu zuwa ba. Kafin a ci gaba da shari'a, don Allah wani ya ba ni labarin daren, an ce diloli sun kewaye ku.

Mai Kili: Ba su kewaye mu ba, amma sun matso. Wajen ƙarfe biyun dare ne, ni ke gadi. Hunturu ya sauko, wuta ta zama garwashi, kowa ya dunƙule cikin bargo. Kafin in ji komai sai na ga kilina ya daina tauna, ya miƙe wuya, kunnuwa biyu sun nufi arewa. Sauran ma duk suka yi haka, kamar an ba su umarni. Can sai ɗaya ta fara kuka daga kan tudu, wata ta amsa daga bakin ruwa, sai suka haɗa baki. Na haska tocila, na ga ido huɗu suna ƙyalli, suka tsaya jim kaɗan suka juya. Ƙashin kilishi da ragowar tuwon da aka zubar bayan amalanke ne ya jawo su. Dawakin ba su firgita ba, sun dai tsaya a shirye, da kukan ya yi nisa suka koma cin harawa. Wallahi Na Yamai, zaman nan na awa biyu ni kaɗai, ga numfashin dawaki, ga sama cike da taurari ba hasken gari ko ɗaya, ba rezo balle waya ta yi ƙara, shi ya biya ni dukan wahalar tafiyar. Da asuba kafin abin nan ya faru na ga sawun yanyawa a kan rairayi, ƙanana kamar na kyanwa, sun bi ta gefen tabarmar Baba sun wuce.

Na Yamai: Allah ya nuna mini ta gaba.

Malamin Dabbobi: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki. Mai Goɗiya, na ga hoton ƙafar. Yankan bai kai jijiya ba da alama, amma zan zo in duba da idona bayan magariba. Kafin nan a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, safe da yamma. Don Allah kada a shafa baƙin man mota, kada a zuba toka, na san wasu za su ba ka shawarar haka. Abin da na fi tsoro shi ne tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki, doki ba ya jure shi ko kaɗan, kuma waya mai tsatsa da ƙasar garka ita ce hanyarsa. Zan taho da allura.

Tunda ana gyara, ni ma ina da nawa. Wurin da muka ɗaure dawaki ranar Asabar ya yi kusa da ruwa ƙwarai. Akwai wasu ƙwari ƙanana, ba su kai sauro ba, suna tashi daga laka da faɗuwar rana har wayewar gari. Su ke ɗaukar annobar dawaki, wadda ke kumbura kai da saman ido, kumfa ta riƙa fita ta hanci. In ta kama doki da wuya ya tashi. Yanzu sanyi ya rage su, shi ya sa ban matsa ba, amma da watan Oktoba ne da ban yarda ba. A shayar da dawaki tun da rana, a hau tudu a kwana inda iska ke kaɗawa. Kuma a daina haɗa bokiti da dabbobin da ba mu sani ba a bakin rijiya. Kun tuna murar da ta yi ta kashe jakuna a ƙasar nan a 2019, daga hanci zuwa hanci ta yi ta yawo.

Dila kuma, wadda ta ga haske ta gudu lafiyarta lau. Wadda ta nufo wuta ba tsoro, ko ta fito da rana tsaka tana tangaɗi, ita ce abin gudu, haukan kare ne, yana kama doki yana kama mutum.

Hajiya Uwar Mahaya: Malam, babban ya ce mini an ga maciji ma. Ku gaya mini duka yau in huta.

Baba Mai Akawal: An gani, Hajiya. Kububuwa ce, ƙarama, ba ta kai kamu ɗaya ba. Wani ya ajiye sirdi a ƙasa ya rufe da zubuka, ta shiga neman ɗumi. Allah ya sa da ya taɓa sirdin ta yi ƙarar nan tata ta goga jiki, kamar ana zuba ruwa a kasko mai zafi, ya ja da baya. Tun muna yara aka koya mana: sirdi a reshe, takalmi a kife a kakkaɓe kafin a sa, itacen wuta a tara shi tun da sauran rana. Na faɗa ranar Juma'a, ba a ji ba.

Malamin Dabbobi: Ƙaramar nan ta fi kasa yawan kashe mutane a karkara, don dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi. In ta sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya tamau. A kwantar da shi, kada ya taka, a kai shi likita inda ke da allurar dafi. Shi ya sa nake cewa duk fitar da za mu yi a samu mai moto ɗaya a ƙauye mafi kusa wanda ya san muna nan. Amalanke ba zai kai mutum a kan lokaci ba.

Hajiya Uwar Mahaya: To ni ga sharaɗina. Ba zan hana su ba, don tun da suka fara hawa suka daina zaman banza a bakin titi, da asuba suna barga suna kwashe kashin doki. Amma in da bindiga a tafiya, nawa ba su zuwa. Mai moton nan kuma ni zan biya kuɗin mansa.

Jikan Maharba: Macijin fa, an kashe shi, ban ji wanda ya yi masa kuka ba. Ashe ran ma iri-iri ne.

Malamin Lakwal: Macijin yana cikin shimfiɗarmu, ga yara. Tujen yana can bayan tudu yana kiwonsa, mutum ya tashi ya bi shi. Kai ma ka san ba ɗaya ba ne.

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun safe nake karantawa, na kasa rubutu. Baƙon da ya yi harbin nawa ne, abokina ne, ni na gayyace shi, ni na ara masa doki. Na ga bindigar tun a Mirya cikin buhun kayansa, ya ce don tsaro ce, na yi shiru. Da asuba ya tashe ni ya ce mu je mu dubo tsuntsayen jiya, na bi shi, kuma na san abin da zai yi. Ban hana shi ba, har murna na yi lokacin da tujen ya faɗi. Sai da na ji ihun mutane da gudun goɗiya jikina ya yi sanyi. Yaya Mai Goɗiya, ka yafe mini. Jika goman nan ni zan mayar wa duk wanda ya sa kuɗinsa, kuɗin allura ma nawa ne. Baba, na ga lokacin da aka miƙo maka naman ka kawar da kai. Ban iya haɗa ido da kai ba har muka iso gida.

Baba Mai Akawal: Ka yi abin da ya kamata da ka fito ka faɗa da bakinka. Allah ya yi maka albarka. Gobe ka zo gida, akwai maganar da ba ta nan ba ce.

Mai Goɗiya: Na yafe, ƙanena. Amma zafin bai huce ba tukuna, kada in yi maka ƙarya.

Jikan Maharba: Auta ya yi halin maza. Ni kuma ga inda na tsaya, don kada a ce na yi gardama don gardama. Na yarda ba bindiga a fitar ƙungiya, saboda dawaki da yara da mutuncinmu wurin masu gari. Amma ban yarda a rubuta cewa farauta abin kunya ce ba, ko a ce ɗan ƙungiya ba shi da ikon fita tasa shi kaɗai da takardarsa. Ba maharban gargajiya suka ƙarar da dajin nan ba.

Baba Mai Akawal: Ba wanda zai rubuta haka ina raye. Amma ka duba gawo. Ana ba da labari tun zamanin Sarki Tanimun an hana saran gawo a ƙasar Damagaram, da hukunci mai tsanani. Daga baya aka sake, aka yi ta sara, har bayan farin 1984 gonaki suka zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa. Sai manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka fara barin ƴan tsiron da ke fitowa cikin gona, suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. Inuwar da muka yi ta bi ranar Asabar, dawaki suna tsintar ƴaƴan gawo a ƙasa, ta mutanen nan ce da suka ɗaga hannu. Jimina fa? Ta ƙare a dajinmu, sai da aka killace ƴan kaɗan a Kelle, can Kutus, ana kiwonsu kamar kaji don kada iri ya ɓace. Dajin Termit an mai da shi gandun da aka tsare tun 2012 saboda ragowar namun da suka fake can. Ni ba na so jikokina su je bayan waya su ga tuje. Ka ɗaga masa hannu shekara kaɗan, kai da ka san dawa fiye da mu duka. Kai ya kamata ka riƙa nuna wa yaran nan sawu, ka ce wannan na dila ne, wannan na zomo, wannan jan cikin damo ne.

Jikan Maharba: Wannan zan iya, Baba. Sauran maganar sai mun haɗu.

Na Yamai: In za a yi ta Gidimuni da aka daɗe ana faɗa, a sa ta cikin hutun ƙarshen Disamba, in zo. Ina so in ga tafkin da dabinon nan a kan doki, ba ta tagar mota ba.

Malamin Dabbobi: Gidimuni ba Mirya ba ce, ta ninka ta fiye da sau uku. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, da hutun yini ɗaya a can. Doki mai tafiya yini yana shan lita 30 zuwa 40, a lissafa rijiyoyin hanya tun yanzu. Dokin da ke turke wata guda ba a hau ba kada a kawo shi, a fara fitar da shi kilisa kullum daga gobe. A duba kofato, a duba majayi da inda sirdi ke cin baya.

Ɗan Mirya: Kafin Gidimuni a fara zuwa a ba mai gari haƙuri. Ba a waya ba, da ƙafa, da goro. In ba haka ba ni ba zan ƙara shiga gaba ba.

Sakatare: To. Taro ranar Alhamis bayan isha'i a bargar Baba. Abin da za a yanke: hana bindiga da karnukan farauta a fitar ƙungiya, sharaɗin kawo baƙo, mai moto, wurin kwana, da ranar Gidimuni. Zuwa wurin mai gari kuma Juma'a da safe, ni da Ɗan Mirya da Auta, duk mai so ya biyo mu. Masu bashin wata su taho da shi.

Mai Kili: Ɗan Mirya, in kun je ka tambayi yaran masu kiwo ko suna ganin ɗaya tujen.

Ɗan Mirya: Na riga na tambaya jiya. Sun ce tun da aka yi harbin ba su gan shi ba, amma za su duba ta wajen arewa in sun kora awaki.

Auta: Yaya Mai Goɗiya, in ka yarda ni zan riƙa zuwa wanke mata ƙafar safe da yamma har ta warke.

Mai Goɗiya: Ka zo bayan asuba. Ka shigo ta gabanta, ka yi mata magana tukuna, har yanzu ko ƙofa aka buga sai ta zabura.